Ƙofa Biyu, Kwaɗo Ɗaya

Akwai wani rumbu a intanet da ba a biyan ko kwabo kafin a shiga. Sunansa Protein Data Bank. An kafa shi a 1971 a cibiyar bincike ta Brookhaven da ke Amurka, da siffofi bakwai kacal a cikinsa. Yau abin da ke ciki ya haura dubu 200. Kowace siffa taswira ce ta wani furotin: inda kowane atam yake zaune, da wanda yake maƙwabtaka da shi, da kowane lungu da saƙo na jikinsa. Dubbai daga cikinsu na ƙwayoyin cutar da ke kashe mutane ne, irin su ta tarin fuka da ta taifot da ta kwalara da ta sanƙarau. Duk mai waya da ɗan data zai iya buɗe ɗaya, ya juya ta da yatsa, ya leƙa ramin da magani ke shiga ya toshe.

A 2023, shekara 52 bayan buɗe wannan rumbu, tarin fuka ya kashe mutum kimanin miliyan 1.25 a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Mun san siffar maƙiyin har zuwa atam, ga shi kuma bai daina cin mu ba. Tambayar da ta dame mu ke nan: idan ɗan Adam ya san raunin abin da ke kashe ɗan'uwansa, wane nauyi sanin ya ɗora masa? Wane ne ke da haƙƙin amfani da shi, kuma wa ya kamata a ce wa ya dakata?

Abin da ake nema a jikin maƙiyi

Ƙwayar bakteriya ƙaramar masana'anta ce. Tana ci, tana gina katangar da ke kare ta, tana kwafar kanta ta zama biyu. Kowane aiki a cikinta akwai ma'aikacin da ke yin sa, kuma ma'aikatan nan su ake kira inzayim. Inzayim dogon zare ne na ƙananan sinadarai iri ashirin da aka jera kamar 'ya'yan carbi, sai zaren ya naɗe kansa ya zama dunƙule mai siffa tasa ta kansa. A jikin dunƙulen akwai rami, a nan ne abin da zai sarrafa yake shiga. Tun a 1894 Bajamushen masanin sinadarai Emil Fischer ya kwatanta abin da kwaɗo da makulli. Idan haka ne, maganin kashe bakteriya makullin jabu ne da ke shiga kwaɗon ya karye a ciki. Duk wanda makulli ya taɓa karye masa a ƙofar shago ya san ranar babu ciniki.

Matsalar ita ce mu ma da inzayim muke rayuwa, kuma da yawa daga namu 'yan'uwan na bakteriya ne. Ɗauki Septrin, wanda kusan babu gidan da bai taɓa shiga ba. Ɗaya daga sinadaransa biyu, trimethoprim, yana toshe wani inzayim da bakteriya ke buƙata don haɗa kayan gina DNA. Mu ma muna da wannan inzayim, yana yi mana aiki iri ɗaya. Abin da ya cece mu shi ne ramin namu ya ɗan bambanta da nasu, har maganin ya fi kama nasu sau dubbai. Akwai wani magani, methotrexate, da ke kama namu gam, shi kuwa masu ciwon daji ake ba shi da taka-tsantsan. Tazarar da ke tsakanin magani da guba, a wannan waje, 'yan atam ne.

Kashe ƙwayar cuta ba shi da wuya. Ruwan batir ma zai kashe ta, ya haɗa da mai ita. Wuyar tana wajen bambancewa. Shi ya sa wanda ke wannan bincike yake shafe shekaru yana kallon maƙiyinsa da irin kulawar da masaƙi ke kallon zare. Ƙiyayya ba ta amfanarsa da komai. Abin da yake bukata shi ne ya san ainihin inda halittarsa da ta maƙiyin suka rabu, don kada ya kai sara ya sami ƙafarsa.

Ganin siffar kuwa aiki ne na haƙuri. Ana tace furotin, a lallaɓa shi har ya daskare ya zama ɗan tsakuwa mai tsari kamar ƙwayar gishiri, a haska shi da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hasken ya watse ya bar ɗige-ɗige, daga ɗige-ɗigen ne ake lissafo wurin zaman kowane atam. Ta haka Dorothy Hodgkin ta gano siffar fenisilin a Oxford a 1945. A 1965 David Phillips da abokan aikinsa a Landan suka fitar da siffar inzayim ta farko, ta lysozyme, wanda ke cikin hawaye da majina da farin ƙwai. Yanzu ana amfani da manyan injinan haske masu faɗin filin ƙwallo ko fiye, da na'urorin da ke ɗaukar hoton furotin a cikin ƙanƙara. Daga 2020 kuma manhajar AlphaFold ta nuna tana iya hasashen siffa daga jerin carbin kawai, har zuwa 2022 ta saki hasashen siffofi sama da miliyan 200 kyauta.

Sani daban, warkarwa daban

Mu da muke rubuta manhaja muna da wata ɗabi'a: idan muka ga taswirar abu, sai mu ɗauka an ci rabin aiki. Tarihin magani bai goyi bayanmu ba.

Isoniazid, ginshiƙin maganin tarin fuka, an fara ba marasa lafiya shi a 1952. Sai a 1994 aka gano inzayim ɗin da yake toshewa, wato InhA, mai haɗa kitsen da ƙwayar tarin fuka ke lulluɓe kanta da shi. Siffarsa ta fito a 1995. Shekara arba'in ke nan maganin yana ceton miliyoyin mutane alhali ba wanda ya san takamaiman inda yake bugu. A ɗaya ɓangaren, kamfanin GlaxoSmithKline ya ba da labarin yadda, tsakanin 1995 da 2001, ya gudanar da manyan gwaje-gwaje 70, kusan duk a kan inzayim ɗin da aka zaɓo da ilimi, ana gwada dubban ɗaruruwan sinadarai. Abin da ya fito mai ɗan alamar amfani guda biyar ne. Dalilin a fili yake. Sinadari na iya toshe inzayim a cikin kwalba, amma a jikin mutum sai ya tsallake ciki da hanta, ya isa huhu, ya ratsa katangar ƙwayar, ya kuma tsira daga famfunan da take fitar da guba da su. Sanin ramin kura ba shi ne ɗaure ta ba.

To mene ne amfanin taswirar? Tana bayyana dalili, dalili kuwa shi ke ba da damar gyara. Isoniazid da kansa ba ya cutar da ƙwayar. Sai wani inzayim nata mai suna KatG ya taɓa shi, sannan ya zama dafi. Wato ita ke wasa wuƙar da za a yanka ta da ita. A yawancin ƙwayoyin da suka bijire wa maganin, abin da ya canza ɗan carbi ɗaya ne, na 315 a jerin KatG: an musanya shi da wani da ya ɗara shi da atam ɗaya na kabon da 'yan haidirojin. Siffar ta nuna wannan ɗan ƙari ya tsuke hanyar da maganin ke bi. Shi ke nan. Idan ƙwayar ta ƙara da bijire wa rifampicin, to a da, jinyar wata shida ta koma ta wata 18 zuwa 24, da allurai masu iya kurumtar da mutum har abada. Atam ɗaya a wani lungu da ido ba ya gani, ga shi ya zama kunnen wata yarinya.

Dukiya iri biyu

A nan ne tambayar ta fita daga ɗakin gwaji ta shigo zaure. Binciken nan yana haifar da dukiya iri biyu, halinsu kuma kishiyoyi ne.

Ta farko ita ce sani: taswirar, da bayanin yadda maganin ke aiki, da yadda ake haɗa shi. Wannan kamar wuta ce. Maƙwabciya ta zo ɗibar garwashi, murhunki bai ragu ba. Idan ɗaliba a Zariya ta sauke siffar InhA, ta wanda ke Boston tana nan yadda take. Mu masu manhaja mun san irin wannan dukiya, domin rabin abin da muke gini da shi wasu ne suka rubuta suka bari a buɗe.

Ta biyu ita ce ƙarfin maganin a kan ƙwayar. Wannan kuwa rijiya ce, kowane guga yana rage ta. A fagen tsaron kwamfuta akwai abu mai kama da haka. Idan mai kutse ya gano wata kafa a manhaja wadda ba wanda ya san da ita, darajarta tana cikin ɓoyuwarta. Ranar da ya yi amfani da ita, ranar ya fara tona ta. Manhajar Stuxnet da aka kai wa cibiyar nukiliyar Iran hari da ita ta bi ta irin waɗannan kafofi guda huɗu a Windows. Da aka gano ta a 2010, sai Microsoft ta bi su tana toshewa. Maganin kashe bakteriya haka yake. Duk sanda aka sha shi, an nuna wa ƙwayoyin inda kafar take.

Bambancin shi ne bakteriya ba su da injiniya, ba su da niyya. Yawa ne makaminsu. Wajen kwafar kai akan sami kuskure, kuma cikin ƙwayoyin tarin fuka kimanin miliyan ɗaya akan sami ɗaya da kuskurenta ya sa isoniazid ba ya kama ta. Ga rifampicin, ɗaya ce cikin kimanin miliyan 100. Rami ɗaya a huhun marar lafiya na iya ɗauke da ƙwayoyi miliyan 100 ko fiye. Ke nan idan aka ba shi magani ɗaya, masu bijirewar suna nan tun kafin ya haɗiyi ƙwayar farko; maganin zai share musu fili ne kawai. Amma samun ƙwaya ɗaya da ta bijire wa duka biyun lokaci guda, lissafinsa ɗaya ne cikin tiriliyan 100. Dalilin da ya sa ake haɗa magunguna huɗu a farkon jinya ke nan. Shi ne kuma dalilin da ya sa shan magani da tsallake, ko shan wani a bar wani, yake mayar da babban lissafin nan ƙanana biyu da ƙwayar za ta ci ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ba sabon labari ba ne. A 1940, kafin a yi wa majinyacin farko jinya da fenisilin a Oxford, Edward Abraham da Ernst Chain sun riga sun gano inzayim ɗin bakteriya da ke tsinka shi. A jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, Alexander Fleming ya yi gargaɗin ranar da kowa zai iya sayen fenisilin a kanti, ya sha abin da bai kai ba, ya koya wa ƙwayoyin jurewa. A 2011 an ba da rahoton gano ƙwayoyin gadon bijirewa a daskararriyar ƙasar Yukon ta Kanada, masu shekara kimanin dubu 30. Bakteriya kuma ba su san haƙƙin mallaka ba. Suna miƙa wa juna waɗannan dabaru, har tsakanin jinsi da jinsi. Inzayim ɗin NDM-1, mai lalata wasu daga magungunan da likitoci ke ajiyewa sai ta ɓaci, an fara bayyana shi a 2009 a jikin wani majinyaci a Suwidin da ya yi jinya a Indiya. Cikin 'yan shekaru ya bayyana a ƙasashe da dama a nahiyoyi daban-daban.

Idan wuta da rijiya ne a gabanmu, hankali ya ce a bar wuta kowa ya ɗiba, a sa mai gadi a rijiya. Abin da duniya ta yi sau da yawa shi ne akasin haka.

Ƙofar da aka kulle

A Disamban 2012 Amurka ta amince da bedaquiline, maganin tarin fuka na farko mai sabuwar hanyar aiki cikin kimanin shekara 40. Yana toshe inzayim ɗin da ke samar wa ƙwayar makamashi, wani ɗan inji mai juyawa kamar farfela. A 2021 masu bincike a Toronto suka nuna hoton maganin a maƙale a jikinsa. Da shi ne aka sami damar jingine alluran nan masu kurumtarwa, har a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar jinyar wata shida da ƙwayoyi zalla ga mafi yawan masu tarin da ya bijire.

Kamfanin Johnson & Johnson ne ke da haƙƙin mallakarsa a lokacin. A farko kuɗin wata shida ya kai dala 900 a ƙasashe matalauta, dala dubu 30 a masu arziki, duk da cewa gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji sun zuba kuɗi masu yawa a gwaje-gwajensa. Babban haƙƙin zai ƙare a Yulin 2023, sai kamfanin ya nemi ƙarin haƙƙi a kan wani nau'in gishirin maganin, wanda zai tsawaita ikonsa. Mata biyu da suka tsira daga tarin fuka, Nandita Venkatesan daga Indiya da Phumeza Tisile daga Afirka ta Kudu, waɗanda dukansu tsoffin alluran suka kurumtar, suka ƙalubalanci buƙatar a Indiya. A Maris ɗin 2023 ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar ya ƙi amincewa da ita. Kafin shekarar ta ƙare farashin ya sauko zuwa dala 130, kamfanin kuma ya sanar ba zai tilasta haƙƙinsa ba a ƙasashe 134.

Da sauƙi mu tsaya nan mu ce ga azzalumi ga wanda aka zalunta. Adalci ya ce mu ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Wani ƙaramin kamfani a Amurka, Achaogen, ya shafe shekaru yana haɗa sabon magani mai suna plazomicin don ƙwayoyin da suka gagara. An amince da shi a Yunin 2018. A Afrilun 2019 kamfanin ya durƙushe. Maganin bai gaza ba. Likitoci ne suka yi abin da ya dace, suka ajiye shi sai larura ta kai maƙura, ciniki kuwa bai taka kara ya karya ba. Mai sayar da maganin hawan jini yana da abokin ciniki na shekara talatin. Mai sabon maganin bakteriya, iya kyawun maganinsa iya ɓoye shi da za a yi. Saboda haka manyan kamfanoni da yawa suka bar fagen.

Wannan ya nuna laifin bai tsaya kan haɗamar wani mutum ba. Tsarin da ke biyan mai haƙa rijiya da yawan gugan da aka ja, dole ya haifar da ɗayan biyu: ko ya tsauwala kuɗin guga, ko ya yi ta kiran mutane su ja. Dukansu ɓarna ne. Ingila ta fara gwada wata hanya a 2022: hukumar lafiyarta ta amince ta riƙa biyan kamfani tsayayyen kuɗi a shekara, har fam miliyan 10, don samun wasu sababbin magunguna biyu, ko an sha da yawa ko an sha kaɗan. Kamar kuɗin wata na manhaja ne. An biya ladan haƙawa, an raba shi da yawan ɗiba.

Ƙofar da aka bari a buɗe

Yanzu mu dawo gida, domin lissafin ya fi tsananta a kanmu. Wani babban nazari da mujallar The Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankin da adadin ya fi yawa idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne yammacin Afirka kudu da Sahara.

Mun san yadda abin yake a unguwanninmu. Mura ta kama mutum, ya tsaya a kemis ya ce a ba shi Ampiclox, alhali mura bairas ke kawo ta, ba ta da inzayim ɗin da maganin zai toshe. Ciki ya ɗan juya, a sayi kafso biyu na ja da yalo. Mai talla yana yawo da magani a tasha, rana tana dukansa tun safe. Mai kiwon kaji yana zuba magani a ruwansu daga ƙyanƙyasa har kasuwa. Ga kuma na jabu: a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki, ko jabu ne ko bai kai inganci ba. Maganin da ke ɗauke da rabin sinadarinsa makaranta ce ga ƙwayar cuta.

Sai dai duk wanda zai yi wa talaka wa'azin tsimin rijiya, ya fara amsa tambaya biyu. Ta farko: wa ya fi ja? A ƙiyasin masu bincike, fiye da rabin waɗannan magunguna da ake sayarwa a duniya dabbobin kiwo ne ke shan su, kuma ƙasashe masu arziki sun shafe gomman shekaru suna ba dabbobi don su yi saurin ƙiba. Sai a 2006 Tarayyar Turai ta haramta hakan baki ɗaya. Ta biyu: idan aka rufe kemis, ina uwa za ta je? A 2019 ciwon huhu na nimoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin dubu 740 a duniya, Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi asara, kuma da yawansu amoxicillin mai araha zai iya cetonsu. A ƙauyen da asibiti ke da nisan rabin yini, mai kemis shi ne likita, shi ne ɗakin gwaji. Matar da ta sayi kafso huɗu maimakon ashirin ba jahilci ne ya sa ta ba. Kuɗin huɗu ke hannunta.

Nan ne ƙofofin biyu suka haɗu. Ana iya zaton tsada tana tsare rijiya, tunda tana rage masu ja. Lissafin da muka yi a baya ya ƙaryata haka. Tsada ba ta hana marar lafiya shan magani. Tana sa shi shan rabi ne, ko shan na jabu, ko dainawa da zarar zazzaɓi ya sauka. Wato kwaɗon kuɗi yana kashe wanda ya hana, yana kuma horar da ƙwayar a jikin wanda ya ba rabi. Hasara biyu da kulli ɗaya.

Mai gadi, ba kwaɗo ba

Kwaɗo tambaya ɗaya yake yi: nawa ke hannunka? Mai gadi na gari tambayarsa daban ce: me ke damunka? Abin da muke ganin ilimin nan ya wajabta shi ne a cire na farko a sa na biyu. Duk wanda ciwonsa ke buƙatar magani ya same shi cikakke, mai inganci, ko yana da kuɗi ko ba shi da su. Wanda ba ya buƙata kuwa a hana shi, ko da ya zo da jaka.

Mai gadin nan shi ne gwaji, kuma a nan sanin cikin ƙwaya ya riga ya iso ƙofarmu. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana duba kakin majinyaci ta karanta ɗan gajeren yanki na ƙwayar gadon inzayim ɗin da rifampicin ke toshewa. Cikin kimanin awa biyu ta faɗi ko tarin fuka ne, da kuma ko ya bijire. Akwai ta a asibitoci da dama a Najeriya, inda maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Tsarin bai cika ba, mutane da yawa ba a gano su, amma siffarsa ita ce daidai: a gwada, a bayar kyauta, a bi majinyaci har ya gama. Abin tambaya shi ne me ya sa taifot da ciwon fitsari da nimoniyar yara ba su sami irin wannan gata ba.

Akwai kuma rabonmu a ƙofar sani. Afirka ce kaɗai nahiyar da mutane ke zaune da ba ta da babban injin hasken nan na ganin siffar furotin; masu bincikenmu sai sun aika samfurinsu Turai ko wani wuri. Duk da haka cibiyar H3D da Farfesa Kelly Chibale ɗan Zambiya ya kafa a Jami'ar Cape Town a 2010 ta nuna ana iya neman sabon magani daga nan. Rumbun siffofi a buɗe yake, manhajojin dubawa da yawa kyauta ne. Amma mu masu kwamfuta mu kiyayi ruɗin allo. Manhaja ta ce wani sinadari ya dace da ramin inzayim, wannan zato ne, ba magani ba, har sai an gwada a kan ƙwaya mai rai. Aikin da ya fi buƙatarmu ba shi da ƙyalli: tsarin da zai tattara sakamakon ɗakunan gwaji, don likita a Katsina ko Maraɗi ya san wane magani ne har yanzu ke aiki a garinsa, tsarin bin diddigin magani daga masana'anta zuwa kanti, saƙon da zai tuna wa mai jinyar wata shida ranar karɓar na gaba.

Sauran nauyin kuwa na kowa ne, kuma ba mai daɗi ba ne, domin yana nufin haƙura da abin da muke iya saya. Wanda ke da kuɗin gwaji ya ƙi yi, ya sha Augmentin don mura, ya ɗebi ruwan da ba ƙishirwarsa zai kashe ba, kuma ba zai taɓa ganin fuskar wanda ya rage wa ba. Tarin da ya wuce mako biyu, a je a gwada. Wanda aka ɗora kan maganin tarin fuka, danginsa su tsaya masa har ƙarshe, da abinci da kuɗin mota, maimakon gudunsa. Tuni an fara samun ƙwayoyin da suka bijire wa bedaquiline a kudancin Afirka.

Masu haƙƙi a rijiyar nan ba duka ne aka haifa ba. Tiyatar haihuwa, da ɗaurin karayar da ƙashi ya fito, da jinyar jariri bakwaini, duk sun dogara ne da cewa in ƙwaya ta shiga, akwai makullin da zai karye mata a kwaɗo. Yarinyar da ke rarrafe yau, nan da shekara ashirin da biyar za ta iya kwanciya a teburin tiyata. Ko allurar da za a yi mata ranar tana da sauran ƙarfi, wani ɓangaren amsar ana rubuta shi a ɗakunan bincike da ofisoshin haƙƙin mallaka, wani kuma a bakin kemis ɗin unguwarmu da yammacin nan.